Ƙullin da Ya Tsayar da Marka

Da Nomau ya san abin da bakinsa zai jawo masa a wata Juma'a ta tsakiyar damina, da tun asuba ya guntsi ruwa ya ƙi haɗiyewa har rana ta faɗi. To, amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Nomau manomin duma ne a Tungar Masaki, wani ƙauye da ke bakin Tafkin Kore. Kowa a garin yana shuka duma, amma gidansu Nomau kaɗai suka san yadda ake ba shi siffa. Idan ɗan duma ya kai girman ƙwan zabo, sai a zagaya shi da igiyar rama daidai inda ake son wuya, a ƙulla, a ce masa a hankali, "Nan ka tsaya." Daga ranar wurin ba ya ƙara kauri ko na silin gashi, sauran jikin kuwa ya yi ta girma abinsa. Da haka suke fitar da gora mai wuya, da buta, da ludayi mai miƙaƙƙen hannu. An ce kakan kakansa ne ya samo kalmar a wurin mutanen ƙarƙashin tafki. Nomau ya faɗe ta sau ba adadi, har ta kai bakinsa yana faɗa bai sani ba, kamar yadda mai daka take nishi.

'Yarsa ɗaya ce tak, Marka. Kafin ita sun binne biyu, shi da matarsa Tasalla, ita kuma Markar bakwaini aka haife ta, ba ta fi ludayi ba. Don haka hankalinsa bai taɓa kwanciya ba. In ta yi tari sai ya ajiye fartanya. In ta rage tuwo sai ya bi ta da kwano har ƙofar gida. Kowace Juma'a kuma ya jingina ta da bangon rumbu, ya auna tsawonta da wani kara da yake ajiyewa, ya ɗan sare wurin da farce.

Ranar nan ya nemi karan ya rasa.

"Tasalla, ina karan awon Marka?"

"Wane kara? Au, wanda ke jingine nan? Ai na hura wuta da shi, itace duk ya jiƙe. Baban Marka, yarinyar nan fa ba buhun gero ba ce da za a riƙa aunawa kullum."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro igiyar da ya dawo da ita daga gona. Ya take bakinta ɗaya da ƙafa, ya miƙe ta har tsakar kan Marka, ya ƙulla a nan. Hannu na ƙullawa, baki ya yi abin da ya saba.

"Nan ka tsaya."

Marka ta ƙyalƙyale da dariya, giɓinta na haƙora biyu a waje. "Baba, ni ɗan duma ce?"

Nomau ya janye igiyar da sauri. Ya zagaya bayan rumbu ya yi ta kicikicin kwance ƙullin, da farce, da haƙori, da tsinke, ƙulli ya ƙi. Ya ce a ransa, ai mutum ba duma ba ne. Ya cusa igiyar cikin aljihu bai gaya wa kowa ba.

Damina biyu suka wuce, haƙoran Marka ba su fito ba. Farcenta bai nemi yanka ba. Kitson da aka yi mata na sallah yana nan daram kamar jiya aka yi. Sa'o'inta suka kere mata tsawo, ƙannen sa'o'inta ma suka kamo ta. Da damina ta uku ta ja baya, sai ta fara yawan zama, fatarta ta fara bushewa, in ta yi tari sai ka ji kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya. Nomau ya san wannan sautin. Duman da ya gama girma, kaka yake jira ya bushe, kaka kuwa saura wata guda.

Wata safiya Tasalla tana tankaɗe, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Rabonka da auna yarinyar nan tun yaushe? Kai da ba ka bari Juma'a ta wuce."

Ya zaro igiyar ya ajiye a gabanta, ya faɗa mata komai. Ta ɗaga igiyar ta duba ƙullin.

"Shekara biyu kana gani ina dafa sassaƙe, ina yawo da ita gidan masu magani, ashe abin yana aljihunka?"

"Tsoro nake ji, Tasalla."

"Ni kuma daɗi nake ji?" Ta share ido da gefen zane, gari ya ɓata mata kumatu. Sai ta sassauta murya. "Na san so ne ya kai ka. Tashi. Inda kakanku ya samo abin nan, can za ka mayar."

Da rana ta take tsaka, lokacin da mutane ba sa kusantar tafki, Nomau ya ɗauki gora mafi girma a rumfarsa, ya kifa ciki a kanta irin na masunta, ya yi ta tuƙi da hannu har tsakiya, inda gansakuka ta rufe ruwa kamar an shimfiɗa koren bargo. Ya yi sallama sau uku. A ta ukun gora ta juya da shi kamar mazari, ruwa ya buɗe, ya faɗa.

Ya sauka a busasshen wuri mai koren haske. Wata tsohuwa tana zaune tana kaɗi, zarenta kore shar, ya cika ko'ina har inda ido ya gaza.

"Maraba da angona," in ji ta. "Ka zo biko ne, ko ɓatan kai ka yi?"

Ya durƙusa. "Kaka, ran 'yata na zo nema. Wa nake gaisarwa?"

"Gansakuka kake gaisarwa, ɗan Adam. Tun ba a yi ganye ba, tun ba a yi saiwa ba, ina nan. Ba mai wuce ƙofata sai ya nemo mini kan zaren nan. In ka gaza, ka zauna kana riƙe mini abawa har gemunka ya yi kore."

Nomau ya kama zaren ya bi. Ya bi har ƙafafunsa suka yi nauyi, bai ga ƙarshe ba. Da ya gaji sai ya tsuguna, ya kawo zaren kusa da ido, irin yadda yake duba ɗan duma ko tsutsa ta shige shi. Ashe zaren 'yan ɗakuna ne jere kamar duwatsun wuya. Yana cikin kallo ɗaki ɗaya ya miƙe, bango ya ratsa tsakiyarsa, ya zama biyu. Ya duba gaba, haka. Ya duba baya, haka. Sai ya koma.

"Kaka, zarenki ba shi da kai. Ko'ina aka taɓa, nan yake girma."

Tsohuwa ta yi dariya har mazari ya suɓuce mata. "Kakan kakanka kwana arba'in ya yi yana bi! To, ka ji. Duk wani abu kore da ka taɓa gani, daga ni har bishiyar kuka, da ɗakunan nan aka gina shi. Nawa a layi ɗaya suke rabuwa, shi ya sa na zama zare. Na wasu suka koyi rabuwa ta gefe, suka yi faɗi, kuka ce ganye. Na wasu suka rabu ta ko'ina, suka yi kauri, kuka ce itace. Wuce. Amma bar wuƙar nan da ke ɗamararka."

"Kaka, da ita zan yanke ƙullin."

"Ka taɓa ganin an yanke magana da wuƙa? Ajiye."

Ya ajiye, ta ɗaga labulen zare, ya shiga.

Ƙasar da ya shiga ba ta da rana. Saiwoyi ne ta ko'ina, wasu sirara kamar gashi, wasu kamar mesa, suna tsaga dutse da ƙara irin ta aradu. A bakin kowace saiwa akwai wani ɗan makaho mai hula yana haƙa da kai. Ƙasa ta motsa ta mirgina Nomau, ta sake mirgina shi, har ya rasa inda kansa yake da inda ƙafarsa take. Da ya tsaya, sai ya ji wata murya mai kauri ta ko'ina.

"Ni ne Sarkin Saiwa. Baƙo, nuna mini sama, nuna mini ƙasa. In ka nuna daidai, ka wuce. In ka kuskure, ka zama namu."

Nomau ya ji ƙaiƙayi a tafin ƙafa. Ya shafa, ya ji wasu 'yan gasu masu laushi sun fara fitowa suna neman ƙasa. Ya lalubi aljihu, kamar yadda manomi ke yi in abu ya dame shi, sai yatsansa ya taɓa ƙwayar irin duma guda ɗaya da ta maƙale a ɗinki. Ya jefa ta baki ya jiƙa, ya ɗora a tafin hannu. A wannan ƙasa iri ba ya jiran kwana. Nan take ya tsage, farar saiwa ta leƙo ta karkata gefe guda, tsiro ya fito ya nufi ɗaya gefen. Nomau ya kife irin don ya tabbata. Saiwar ta lanƙwasa ta koma inda ta nufa da fari, tsiron ma haka.

"Ranka ya daɗe, ni ban sani ba. Amma wannan ya sani. Inda saiwa ta nufa ƙasa ne, inda tsiro ya nufa sama ne."

Sarki ya yi gyaran murya, duwatsu suka girgiza. "Ka yi gaskiya da ka ce ba ka sani ba. A cikin hular kowane ɗa nawa na zuba 'yan tsakuwoyi. Duk inda suka gangara, can yake bi, ko sau ɗari aka juya shi. Shuka irin nan, ka kama shi."

Ya shuka. Yaɗon duma ya tashi kamar an harba kibiya, Nomau ya rungume shi, ya ratsa da shi ta cikin ƙasa, ta cikin laka, ta cikin wani rami mai iska, sai ga shi a fili cikin hasken da ya sa shi rufe ido.

Birnin Toho ke nan. Gidajensa rassa ne, titunansa ganye, babu abin da ke zaune wuri ɗaya, komai yana miƙa. A kan kowane toho akwai wani ɗan magini da bai fi ƙwayar riɗi ba. Zai ɗora ɗan ganye, ya juya, ya ɗora wani, ya sake juyawa. Nomau ya sunkuya wurin ɗaya daga cikinsu.

"Sannu da aiki. Wa ya zana maka yadda itacen zai kasance?"

"Zane?" in ji ɗan maginin, bai ko tsaya ba. "Ba mu da wannan. Ina duba inda na baya suka zauna, in sa sabo inda ya fi sarari, don kada wani ya tare wa wani rana. Gobe ma haka. Matsa, kana ɓata mini hannu."

Aka kai shi gaban Magajiyar Toho. Rigarta sababbin ganye ne da ba su gama buɗewa ba. Giginya tana tsaye a damanta da kanta guda ɗaya, goruba a hagunta da kawunanta biyu-biyu. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye igiyar.

"Allah ya ja zamaninki. Na zo da laifina a hannu."

"Mun san igiyar nan," in ji Magajiya. "Don duma muka ba da aronta. Taso ka gani."

Ta kai shi wani lambu da ba a ganin iyakarsa, inda kowane ɗan Adam yake da tsironsa. Ba sai an nuna masa ba. Can tsakanin wasu dogaye ya hango wani ɗan guntu mai ganye huɗu, ƙulli ya shaƙe kansa, kan ya bushe ya yi baƙi. Nomau ya zube a gwiwa, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar da ya binne ɗansa na biyu.

"Ranki ya daɗe, a kwance shi. A ɗauki shekaruna a ba ta."

"Shekarunka ba su da amfani a wurinmu. Kan nan kuwa ya mutu, abin da ya bushe ba ya komawa ɗanye, ko a nan. Da giginya ce, da magana ta ƙare, don kai ɗaya gare ta. Amma duba hammatar ganyen nan."

Ya duba. Wani ɗan ido ne a wurin, ƙanƙane, a rufe.

"Kai manomi ne, ka sani. Muddin kan tsiro yana magana, na hammata barci suke yi. In kai ya tafi, sai su farka. Wannan da tuni ya farka, amma kalmarka tana nan tana magana a madadin kan. Ka dawo mana da ita. Sai dai ka sani, daga yau gidanku ba zai ƙara fitar da gora mai wuya ba, ko buta, ko ludayi."

Nomau ya tuna mahaifinsa yana riƙe da hannunsa ranar da ya koya masa ƙulli na farko. Ya tuna ba shi da wata sana'a. Bai kai ƙarshen tunanin ba ya ce, "Ina zan zuba ta?"

Aka miƙo masa ƙoƙo. Ya faɗi kalmar a ciki, Magajiya ta kife shi a ƙasa. Igiyar da ya zo da ita ta ruɓe nan take, ƙullin da ke kan tsiron ya zube kamar toka. Nomau ya lalubi bakinsa ya ji wurin kalmar wayam.

"Saura ɗaya," in ji Magajiya. "Ka zauna har ya yi ganye uku. Kada ka taɓa shi. In ka taɓa, ya koma barci, ba kuma zai sake tashi ba."

Ya durƙusa a kan tsiron, ya harɗe hannuwa a baya, ya sunkuyar da kai har numfashinsa na kaɗa ganyen. Ɗan idon ya kumbura, ya tsage, toho ya leƙo. Nomau ya yi hamdala, ya ƙara matsowa. Amma tohon ya fito fari fat, siriri kamar zare, maimakon ya miƙe sama sai ya kwanta ya nufi hagu. Ya ƙara tsawo, ya ƙara kwanciya. Da yatsa ɗaya Nomau zai iya ɗaga shi. Da tsinke ɗaya zai iya tokare shi, abin da ya yi wa dubban tsirrai. Ya ciji leɓe har ya ji gishirin jini, ya zauna a kan tafukan hannunsa, ya ƙara sunkuyawa yana raɗa, "Miƙe, uwata. Miƙe mana, 'yar Baba."

Sai ya ji wata 'yar murya kamar ta sauro daga kan tohon.

"Kai, mai ƙaton kai! Tun ɗazu muke zagayewa kana biyo mu. Ka tare mana rana!"

Nomau ya dubi ƙasa. Inuwarsa ta rufe tsiron ruf, hasken da ya rage sai ɗan kaɗan ta hagu, can tohon yake rarrafawa. Ya ja da baya taku ɗaya.

"Ƙara!" in ji ɗan maginin.

Ya ƙara.

"Har yanzu hularka na nan!"

Ya yi ta ja da baya har ya kai inda sai ya ƙanƙance ido yake ganin tsiron. Zuciyarsa kamar ta tsage, don daga nan ko tsutsa ce ta hau ba zai gani ba. Ya tsaya. Rana ta sauka a kan tohon. A hankali bakinsa ya ɗago, farin ya juya kore, ganye ɗaya ya buɗe, na biyu, na uku. Amma lanƙwasar da ya yi a ƙasa tana nan.

Magajiya ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Ranki ya daɗe, gwiwar nan da ya yi, ni na jawo?"

"Kai ne. Gefen da ke inuwa ya fi saurin miƙewa, shi ke tura tsiro wajen haske. Da haka ya tsira daga gare ka."

"Za ta gyaru?"

"Wani in ya yi kauri takan ɓace a cikinsa. Wani yana tsufa da ita."

"Zai yi tsawo? Zai yi fure?"

Magajiya ta yi murmushi, ba na raini ba. "Ɗan Adam, mu da muke ginawa ba mu sani ba. Ganye ɗaya muke ɗorawa, sa'an nan mu ga inda na gaba zai zauna. Koma gida, ana jiranka."

Ta taɓa goshinsa da ganye mai sanyi. Ya buɗe ido ya gan shi kife a kan gora a bakin tafki, ladan yana kiran la'asar.

Ya shiga gida da gudu, laka har gwiwa. Ya tarar da Marka zaune a tabarma tana suɗe kwano, Tasalla tsaye a kanta riƙe da muciya, baki buɗe.

"Baban Marka, kwano na uku ke nan. Wai a ƙara."

"A ƙara mata," in ji shi. Ya yunƙura zai je ya tsuguna a gabanta, sai ya tsaya, ya zauna a bakin ƙofa.

Kaka ta zo ta wuce, Marka tana nan. Duman Nomau duk suka fito dunƙule-dunƙule, yadda suka ga dama, ya fafe su ya kai kasuwa a matsayin ƙwarya kamar kowa. Abokai suka yi ta tsokanarsa, wai buta ta yi yaji ta bar gidansa. Ya yi dariya tare da su. Da bazara Marka ta fara kukan ƙwauri yana mata ciwo. Nomau ya miƙe zumbur zai nemo mai magani, Tasalla ta riƙe masa riga.

"Zauna, Malam. Ciwon girma ne, ni ma na yi shi."

Rannan da hantsi Marka ta yi ɗage ta ciro faifai daga saman danga, inda da sai an ɗaga ta. Da ta juya baya, Nomau ya lura kafaɗarta ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka, tafiyarta ma da ɗan karkata, kaɗan, sai wanda ya sa ido. Ya kalli Tasalla, Tasalla ta kalle shi. Marka kuwa ta ruga waje wurin 'yan gaɗa, faifan a ka.

Ko kafaɗar za ta daidaita in ta girma, ko haka za ta zauna, da kuma inda tsawonta zai tsaya, Nomau bai sani ba. Tasalla ma ba ta sani ba. Har yau babu wanda ya sani.